Shekarar da Na Bi Sawun Tawadar Zaɓe

Kun taso kun tarar da shiru tsakanin gidanmu na Talata Mafara da gidan kawunku Almu, kuma na san kowannenku ya ji dalili daga bakin wani. Wasu sun ce muku na je birni na kai ƙarar yayana. Wasu sun ce boko ne ya hau mini kai har na manta wanda ya goya ni. Ke Nana, da kike babba, kin taɓa tambayata ana saura kwanaki kaɗan bikinki, na ce miki ba lokacinsa ba ne. To yanzu gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara hazo, na ga gara ku ji daga wurina. Ba zan ambaci sunan ofishi ba, ba kuma zan faɗi shekara ba, don waɗanda abin ya shafa da yawansu suna raye, kuma ba tonon asiri na zauna yi ba. So nake ku san yadda wata 'yar tambaya, wadda ban ɗauke ta a bakin komai ba, ta ja ni har ta kai ni tsakar gidan 'yan uwana.

Ni 'yar malam ce, kun sani. Tun ina ƙarama ni ce mai haɗa wa Baba Malam tawada. In na allo ce, gawayi da ƙaro, a dake, a tace, a zuba a kurtu, wannan ruwa kaɗan ke wanke ta don da ma an yi ta ne don a wanke. In kuwa ta takarda ce, wadda muke kira yambari, sai an jiƙa bagaruwa an bar ta ta yi kwanaki, kuma in ta taɓa maka riga ka yi ban kwana da rigar. Saboda haka na girma da sanin cewa tawada iri biyu ce, mai tafiya da mai zama. Yaya Almu ne ya tsaya a gaban Baba Malam har aka bar ni na ci gaba da makarantar boko bayan sa'o'ina duk sun daina. Shi ya kai ni a keke, shi ya sayo mini akwatin farko. Ku riƙe wannan a ranku, don duk abin da zan faɗa a gaba bai goge shi ba.

Na kusa hamsin lokacin da na koma neman digiri na biyu, ina koyarwa da rana, ina karatu a ƙarshen mako. Abin da na yi niyyar bincike a kai shi ne dalilin da ke hana mata fitowa zaɓe. Sai aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a wannan shekara. Na fita da hantsi, na bi layi, na dangwala, wani matashin malamin firamare ya shafa mini shuɗiyar tawada a gindin farce, alamar da ake sawa don kada mutum ya koma ya sake jefa ƙuri'a. Na dawo gida na yi 'yan aikace-aikace, aka kira azahar, na yi alwala. Ina ɗaga hannu zan yi kabbara sai na ga farcena fes, kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Allah Ya yafe mini, sallar nan rabin hankalina na kan yatsa.

Inna, kakarku, tana zaune a gidanmu a lokacin. Na nuna mata yatsan.

"To mi kike so?" ta ce. "Alhamdu lillahi. Waccan ta bara waccan sai da na yi ta kankara da dutse, ina tsoron ko ruwan alwala bai taɓa hwata ba. Wagga kuwa mai tsoron Allah ce ta yi ta."

Babanku yana cin abinci, ya yi dariya har ya ƙware.

"Hajiya, tun da ta hita sai ki koma ki ƙara mana ɗaya."

Su wasa suka ɗauke shi, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi. Ban zargi kowa ba, wallahi. Mamaki kawai nake: wa ya zuba tawadar allo a inda ake bukatar yambari? Daga ina kwalbar nan ta fito, hannu nawa ta bi kafin ta iso yatsana? Sai na lura ban taɓa tambayar kaina ko wa ke kawo kayan zaɓe ba. Mukan ga akwati, mu ga rumfa, mu ga mota ta sauke kaya ta tafi, kamar daga sama suke faɗowa. Mako na zagayowa na je wurin malamin da ke duba aikina na ce ina so in sauya batu, in bincika yadda jami'an da ke kula da zaɓe ke zaɓen 'yan kwangilar da ke kawo musu kaya, da irin dangantakar da ke tsakaninsu. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama Kulu, batun mata ba ya cizo. Wannan kuwa yana da haƙora."

Na ce ina da yaya a ofishin, zai buɗe mini ƙofa. Ya ce to, ai shi ke nan. Sai daga baya na fahimci irin kallon da ya yi mini.

Yaya Almu a lokacin babban jami'i ne mai kula da shiyyarmu, kuma yana cikin kwamitin da ke tantance masu kawo kaya. Da na gaya masa, murna ya yi. Ya ce ai gara a samu na gida ya rubuta wahalar da suke sha, don mutane sun ɗauka kwana suke a kan katifar kuɗi. Ya kira abokan aikinsa ya ce ƙanwarsa za ta zo, a saurare ta. Haka na fara yawo, kuma zan gaya muku gaskiya, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na watannin nan ba. Nakan hau motar haya ko bayan babur, in sauka a Garbadu ko Ruwan Gizo, in nemi malaman makarantar da aka ɗauka aikin wucin gadi ranar zaɓe. A yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da gona da iyali, a kawo fura, sai can in saki tambayata: wa ya kawo muku kaya? Da farko sukan tsargu. Da suka ga ba sakamakon zaɓe nake tambaya ba, kwali da kwalba da igiya nake tambaya, sai baki ya buɗe.

Na koyi abubuwan da ba su cikin kowane littafin da aka ba mu. Na gano cewa mai buga takardun ƙuri'a daban, mai kawo akwatuna daban, mai rumfa da kujeru daban, motoci kuma daga hannun direbobin tasha ake ɗauko su. A Maradun wani tsohon direba ya zaunar da ni a inuwar motarsa ya ba ni labarin yadda damina ta taɓa yanke musu hanya, suka ɗora akwatuna a amalanke. A Tsibiri wata tsohuwa ta miƙo mini yatsanta ta ce a wani zaɓe can baya alamar sai da farce ya tsiro ya ture ta, amma wannan karon wankin kwano ɗaya ta bi ruwa. Ko'ina na je a ƙananan hukumomi uku na shiyyarmu, Mafara da Maradun da Bakura, labarin guda ne. Na kuma yi ta tambaya ko an san wanda ya koma ya jefa ƙuri'a sau biyu. Jita-jita kam ta cika kasuwa, amma wanda ya gani da idonsa ban same shi ba, in ban da wani mai shayi da ya rantse ya yi sau bakwai, maƙwabtansa kuma suka ce ranar ma ba ya gari. Wannan na rubuta shi yadda yake: an bar ƙofa a buɗe, amma ban san ko an shiga ba.

A ofis kuma kowa ya karɓe ni hannu bibbiyu, saboda Yaya. Sun yi mini bayanin yadda ake talla, kamfanoni su nema, kwamiti ya zauna. Amma duk sa'ad da na zo kan tawada sai maganar ta yi santsi. Wannan ya ce wancan ne ya sani, wancan ya ce ai an sauya masa tebur. Sunan kamfanin dai an faɗa mini, suna ne na Turanci mai tsawo wanda ban taɓa ji ba, kuma babu wanda ya iya nuna mini inda shagonsa yake. Na tambayi Yaya Almu ta waya, ya ce in bari ya dawo daga tafiya. Ya dawo, bai kira ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a Bakura, a gidan Alhaji Haliru, ƙanen Luba matar Yaya Almu. Alhaji Haliru ɗan kasuwa ne, shinkafa yake saye da sayarwa, da taki in damina ta kama. Mutum ne mai fara'a, ya taimaki babanku ba sau ɗaya ba. Na tafi suna da turmin atamfa da sabulu, bincike ko a raina babu. Na shiga tsakar gida, mata cike, ana ta dakan fura da raba tuwo. Sai na ga wasu mata zaune a gindin bango ana yi musu zane a hannu, amma ba jan lalle ba ne, ba kuma baƙi ba, shuɗi ne mai ɗaukar ido. Na matsa kusa. Mai zanen na tsoma tsinke a wata 'yar kwalba mai farin murfi. Na san kwalbar nan. Na gan ta a kan teburin malamin firamare, na ga irinta babu komai a ciki a Garbadu da Tsibiri.

Hajiya Rabi, uwargidan Alhaji Haliru, ta gan ni na tsuguna ina kallo.

"Yaya Kulu, ko ke ma a yi miki? Ba ta daɗewa, gobe war haka ta hita."

Na ce a ina suka samo ta. Ta kama hannuna tana dariya, ta ja ni wani ɗaki a bayan madafa, ta tura ƙofa. Kwalaye ne jibge har kusan rufi, ga manyan jarkoki a gefe, ga mazurari rataye a ƙusa, bangon duk ya yi ɗige-ɗigen shuɗi.

"Ragowar ta zaɓe ce," ta ce. "Ai mu munka ɗura ta da hannunmu. Alhaji ya kawo jarkoki daga Kano, munka zauna ni da yara da maƙwabta muna cika kwalabe, har bayanmu ya ƙage. Duk wanda ya yi zaɓe a ƙasag ga, da aikin hannunmu anka shahwa mai."

Da alfahari ta faɗa, kamar mai nuna sabon gado. Ba ta san akwai abin ɓoyewa ba, don a wurinta babu. Na tsaya a ɗakin nan ina jin guɗa daga tsakar gida, ƙanshin miyar suna na shigowa. Watanni ina neman kamfani mai dogon suna, ashe a bayan madafar surukanmu yake. Na fito, aka ajiye mini tuwo, na ci, don ƙin ci zai zama magana. Kowace loma na san tana ƙara mini nauyi.

Bayan kwana biyu na koma Bakura na sami Alhaji Haliru a rumbun shinkafarsa. Na gaya masa abin da nake yi da abin da na gani, na ce in ba ya so ya yi magana ba dole. Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya yi wa kamfanin rajista ne da ya ji za a ba da kwangila, wani yaro mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa sunan. Ya ce da ya je Kano ya tarar ta gaskiyar sai an yi odarta daga waje, ga lokaci ya ƙure, sai wani mai sayar da kayan rini ya ce masa ga wata, launi ɗaya, aiki ɗaya.

"Na ɗiga a hannuna, Malama, na ga ta kama. Ni ina na san tawada? Ni shinkahwa na sani. In kinka kawo min buhu, daga wari zan gaya miki ta wace fadama ce."

Na ce to da bai san tawada ba, me ya kai shi neman kwangilarta? Ya dube ni da mamaki na gaske.

"Ai Yaya Almu na wurin."

Wannan amsa ita ce dukan bincikena, a kalma biyar. Duk abin da na rubuta daga baya sharhi ne a kanta.

Yaya Almu na da gona a filayen noman rani na Bakolori, kuma ranar Asabar can ake samunsa. Na same shi da hantsi yana tsaye a bakin magudanar ruwa, ya naɗe ƙafar wando. Muka gaisa yadda aka saba, ya tambayi Inna da babanku da ku ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, Rabi ta gaya wa Luba na ga ɗakin. Na ce na gani. Na tambaye shi ko yana cikin zaman da aka zaɓi kamfanin. Ya ce yana ciki. Na ce ya gaya wa sauran 'yan kwamitin cewa mai kamfanin ƙanen matarsa ne?

"In gaya musu abin da sunka sani? Mai rumhwa ɗan ƙanwar wane ne. Mai akwati abokin wane ne tun suna yara. Kulu, a ƙasag ga wa za ki ba aiki wanda ba ɗan uwan wani ba ne?"

Na ce ai akwai masu sana'ar, waɗanda suka san kayan.

"Baƙo? Mun taɓa ba baƙo. Ya karɓi rabin kuɗi ya kashe waya, ana jibi zaɓe muna neman shi. Haliru in ya gudu na san ɗakin uwa tai. Na ba wanda zan iya kamawa ne. Ko sisi ban ci ba, Allah shina gani."

Na yarda da shi a ranar, na kuma yarda da shi har yau. Yayana bai ci kuɗin kowa ba, gidansa shaida ne. Kuma maganarsa ba shirme ba ce, na daɗe ina juya ta. Amma na ce masa, to da kaya suka iso, wa ya gwada su? Na ce da baƙo ne ya kawo, ai da kun buɗe kwalba kun ɗiga, kun sa ruwa kun gani. Amma kunya ta hana a buɗe kayan suruki a gaban mutane. Ya sunkuya ya tsinke wata ciyawa ya yar a ruwa, muka bi ta da kallo har ta ɓace.

"Za ki rubuta?"

Na ce ban sani ba tukuna.

"Kin sani," ya ce. "Tun kina ƙarama in kinka ɗaga murhin tukunya ba ki iya mai da shi."

Makonnin da suka biyo baya gidanmu ya zama kotu. Luba ta zo da kanta ta zauna a ɗakin Inna tana kuka, tana cewa na ci tuwonsu na fito da wuƙa. Wannan magana ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta: a matsayin baƙuwar suna na ga ɗakin, ba a matsayin mai bincike ba. Shi ya sa na koma wurin Hajiya Rabi na gaya mata ba zan sa maganarta ba, kuma ban sa ba. Abin da Alhaji Haliru da Yaya suka faɗa da bakinsu, suna sane da abin da nake yi, shi kaɗai ke hannuna. Inna kuwa ta kira ni bayan la'asar, ta sa na zauna a bakin gadonta.

"Ɗiyata, an kashe wani?"

Na ce a'a.

"An ƙwace gonar wani?"

Na ce a'a, Inna.

"To a kan ruwan shuɗi za ki ɓata da wanda ya ɗauke ki a keke? Takarda ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, Kulu. Ɗan uwa ka zuwa."

Babanku ne kaɗai bai ce in yi ko in bari ba. Ya ce in na cire babin, in tabbata zan iya tsayawa gaban ɗalibaina in ce musu su faɗi abin da suka gani. In kuma na bar shi, in tabbata ba don a ce na iya ba ne. Na yi istihara, na yi ta tunani. Abin da ya tsaya mini shi ne tsohuwar nan ta Tsibiri, da duk waɗanda suka bar gona suka bi layi cikin rana, suka miƙa yatsa da yardar cewa alamar na nufin wani abu. Su ma 'yan uwan wasu ne, sai dai ba su da kowa a kwamiti. Na kuma ga cewa in na rubuta dangantakar mai rumfa da mai akwati na tsallake ta gidanmu, to na aikata daidai abin da nake bincike a kai.

Na rubuta. Ban sa sunan kowa ba, na ce "wani jami'i" da "wani ɗan kasuwa", na kuma bayyana a farkon babin cewa jami'in ɗan uwana ne na jini, don mai karatu ya auna maganata da wannan. Na rubuta hujjar Yaya cikakkiya, yadda ya faɗe ta, har da labarin baƙon da ya kashe waya. Na ce ban ga alamar cin hanci ba, na ga zumunci ne ya shiga inda ya kamata gwaji ya shiga. Na ba da shawara cewa duk jami'in da ke da dangi cikin masu nema ya faɗa, ya fita daga zaman, kuma a riƙa gwada kaya a bainar jama'a ko na wane ne. Kafin in miƙa, na kai wa Yaya babin har gida don ya karanta. Luba ta karɓa a zaure ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa.

Na ɗauka aikin zai kwanta a kan kanta ya sha ƙura kamar sauran. Amma ranar da na gabatar da shi akwai wani ɗan jarida a cikin masu sauraro, kuma cikin mako guda aka yi ta maganar a rediyo. Ba a faɗi suna ba, amma a Mafara da Bakura wa ke bukatar suna? Aka kira Yaya ya yi bayani, aka ɗauke shi daga kwamitin aka kai shi wani tebur da babu aiki a kai. Bai jima ba ya ajiye aikin tun lokacinsa bai yi ba. Sauran da na ambata, masu rumfa da akwati, babu abin da ya same su, don nasu kayan bai wanke a ruwan alwala ba. Wannan ya fi komai ci mini rai: mutumin da ya fi su tsabtar hannu shi ya biya. Alhaji Haliru ya daina gaisa da babanku a kasuwa. Bikinki ya zo, Nana, kawunki ya aiko da gudummawa amma kujerarsa babu kowa. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, ni da shi mukan zauna a ɗaki ɗaya, ita a tsakiya, mu gaisa gaisuwar baƙi. Ta rasu ba ta ga mun yi hira ba. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma babu digirin da ya kai shi. In kun tambaye ni ko zan sake, zan ce zan sake, amma ba zan ce muku bai yi ciwo ba.

Shekaru suka wuce a haka. Ran nan da hantsi, bayan na yi ritaya, ina tsakar gida ina tsince wake, sai na ji sallama a zaure da muryar da na sani tun kafin in san tawa. Ya shigo da sanda, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari saboda ciwon suga. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, gaisuwa ta gaske wannan karon, har da tambayar jikoki da sunayensu. Sai ya ce bai taɓa karanta babin ba, yanzu kuma ido ya tafi, in karanta masa. Na ɗauko, na karanta tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na zo wurin hujjarsa sai ya ɗaga hannu ya ce in maimaita, na maimaita.

"Haka na ce," ya ce. "Ba ki rage ba. An ce min kin mai da ni ɓarawo."

Na ce ban taɓa ba, Yaya.

"Na ji. Amma aikinki bai cika ba. Kin tsaya a kwamiti, kamar mu munka naɗa kanmu. Ba ki tambayi wa ke kiran waya ana gobe zama ba, ko yadda ake yi da wanda ya ce a'a. Kin yi ta yawo ƙauye-ƙauye, ga wanda ya san kan zancen a gidanku, sau ɗaya kinka tambaye shi, shi ma a tsaye."

Na ce ai ƙofa aka rufe mini. Ya yi murmushi ya ce yanzu ga ta a buɗe, in ɗauko abin rubutu, kuma wannan karon in sa sunansa, don ya gaji da zama "wani jami'i". Muka zauna har aka kira azahar, yana magana ina rubutu, wani wurin mu yi gardama, wani wurin ya yi dariya har da tari. Sai da ya tashi tafiya na tambaye shi wa ya kawo shi. Ya ce Luba ce da direba, tana waje cikin mota, ta ce ba za ta shigo ba.

Tun hantsi tana zaune a cikin zafin nan. Na ɗebo ruwan randa a kofi na fita. Na yi mata sallama ta taga, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Na miƙa mata, ta karɓa ta shanye duka. Ta miƙo mini kofin ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "A gaida yara."

Nan muka tsaya ni da ita har yau. In kun je Bakura ko gidan kawunku, ku durƙusa ku gaishe ta da kyau, ku ci abin da ta ba ku. Ita ba ta yi wa kowa laifi ba, mijinta da ƙanenta ta tsaya wa.